Sawun Shanun Magige

Ranar da babban ɗan sanda na yanki ya zo Nyansoko ya shaida mana cewa satar shanu ta ragu da rabi, ni ce na fara dariya. Ban yi niyya ba, kuɓuce mini ta yi, sai matan da ke bayana suka kama. Mutumin nan ya tsaya da tumbinsa a gindin mangwaron makaranta yana kallonmu kamar mun zage shi. To ina laifinmu? A watan nan kaɗai an kwashe garke uku a unguwarmu. Sata tana nan daram, mu ne muka daina kai ƙara. Ka je ofishinsu da safe a ce ka dawo da yamma, ka dawo da yamma a ce babu man mota, ka sayi man a ce direba ya tafi jana'iza. Kafin su iso an daɗe da cinye saniyarka a hayin iyaka.

Da dariyar ta lafa sai ya ce ai abin da ya kawo shi ke nan, sun fito da sabon tsari. An ba ofishinmu sabuwar mota, ga lambar waya a manna a kowane shago, duk wanda ya kira za a zo masa kafin shayinsa ya huce. Sannan ya nuna mana sabon shugaban ofishin, Insifekta Ndunguru, da muke kira Afande kamar yadda ake kiran 'yan sanda a nan, wani siririn mutum daga kudu wanda ko gaisuwa bai iya da yarenmu ba. Na lura lokacin da muke dariya shi ma ya sunkuyar da kai yana danne tasa. Wannan kaɗai ya sa na ji bai ba ni haushi ba.

Mu dai da hanyarmu tun kaka da kakanni. Idan aka sace shanu, a yi kururuwa, maza su fito su bi sawu. Idan sawun ya shiga ƙasar wani gari, a tsaya a bakin iyaka, a kira dattawansu, a nuna musu da sanda, a miƙa musu ita. Daga nan sawu ya zama nasu, su za su bi shi har su fitar da shi daga ƙasarsu su miƙa wa na gaba. Garin da sawu ya mutu a hannunsa shi zai biya shanun. In ya ƙi, to sai kibiya. Ɓarawo kuwa, in an kama shi, ba ya ganin kotu. A tsakar gari ake gamawa da shi, kowa da sandarsa, kuma ba kowa ke tashi ba.

Ni 'yar Kitembere ce, garin da ke hayin rafi. Aure ya kawo ni Nyansoko gidan Magige, na haifa masa mata uku, babbarsu Ghati, da namiji ɗaya, Weisiko. Yayana Rioba yana can a gidan mahaifinmu. Garuruwan nan biyu suna auren juna, suna kuma harbin juna, abin da shekara ta kawo dai. Saboda haka duk lokacin da na ji kururuwa, addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa sawu ya yi wani wajen.

Weisiko ya haura ashirin, kuma shi da ubansa kullum cikin ka-ce-na-ce suke a kan shanu. Shi babur yake so ya riƙa ɗaukar fasinja kamar sa'o'insa. Uban kuma ya ware masa shanu shida na sadaki, ya ce ko kaho ɗaya ba za a sayar ba.

"Baba, ni ban ce ina son mata ba. Mata za ta kai ni kasuwa ne?"

"Babur zai haifa mini jika ne? Tashi ka ba ni wuri, sakarai."

Haka suke yi, in shiga tsakani da kwanon tuwo, magana ta mutu sai gobe.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Magige ya fita zagaya garke ya tarar an zare itacen ƙofa. Shanun nan shida babu su. Ihun da ya yi sai da kajina suka watse. Kafin in ɗaura zane maza sun cika ƙofar gida da baka da mashi. Ƙasa a jiƙe take, sawu ɓaro-ɓaro, ko makaho zai bi shi. Kuma ya miƙe ne sak zuwa rafi, hanyar Kitembere.

Weisiko bai bi su ba, ya ce ƙafarsa ta tashi. Ƙafar hagunsa ta taɓa karyewa yana ƙarami, tana damunsa da damina. Ya zo ya tsaya kusa da ni a madafa.

"Mama, ki kira Afande mana. Ai sun ce a riƙa kira."

"Waɗannan? Sai an shekara."

"Ki dai gwada. In suna wurin ba za a taɓa su Kawu ba."

Na ji daɗin maganar har raina. Na ce yaron nan ashe yana da hankali. Na ɗauki waya na kira, ni Nyangi da bakina, mace ta farko a Nyansoko da ta taɓa kiran lambar nan.

Suka kuwa zo. Na rantse ko wuta ban gama hurawa ba na ji jiniya. Ndunguru ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, ina suka bi?" Na nuna masa da hannu. Motar ta zabura, ni ma na kwashi ƙafa na bi bayanta.

Hanya ɗaya ce tak take gangarawa mashigin rafin, ita shanu ke bi, ita mutane ke bi. Mazanmu suna tafe a gefe cikin ciyawa, a hankali, don kada su taka sawu, kamar yadda ko yaron goye ya sani. Sai ga mota da gudu ta tsakiya. Suka yi ta ɗaga hannu suna ihu, direba ya ɗauka murna suke yi. Ya wuce su, ya faɗa cikin laka a daidai mashigin, ya kafe. Ya yi gaba, ya yi baya, taya tana ta feshin taɓo, 'yan sanda suka diro da manyan takalmansu suna turawa. Kafin a fitar da motar, wurin ya koma kamar inda aka kwaɓa ƙasar gini. Daga hayin kuma dutse ne shimfiɗe da hanyoyi uku.

Da na iso, mutanen Kitembere sun riga sun sauko, Rioba yana gabansu. Rafi ne kawai tsakani. Magige yana ta kumfar baki.

"Ga shi nan, ya shiga ƙasarku! Ku karɓa!"

Rioba ya ce, "Mu karɓi me, suruki? Nuna mini kofato ɗaya a wannan hayin in karɓa. Ni tayar gwamnati kawai nake gani."

"Tun da sun zo bakin ruwa, tashi sama suka yi?"

"Wa ya sani? Shanun Nyansoko ai ba su da nauyi, iska ma tana ɗaukarsu."

Wani daga bayan Magige ya ɗana kibiya. Na ga samarin hayi su ma sun fara warwatsuwa cikin duwatsu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Mijina a nan, ɗan'uwana a can, duk wanda ya faɗi ni za a zo wa gaisuwa. Kuma ni na kira motar.

Ndunguru ya shiga tsakiyar ruwa har gwiwa yana cewa a yi haƙuri, doka za ta yi aikinta. Babu wanda ya ko dube shi. Sai Baba Getari, dattijon da ya fi kowa shekaru a garinmu, ya dogara sandarsa ya matso.

"Afande, kai baƙo ne, bari in gaya maka. Sawu ba ya mutuwa a banza, a hannun wani yake mutuwa. Wannan bai mutu a Nyansoko ba, bai kai Kitembere ba. A ƙarƙashin motarka ya mutu."

Wani ya tuntsire da dariya ya ce, "To gwamnati ta biya!" Na zaci Afande zai fusata ya ce mu wa muke da za mu ɗora wa hukuma al'ada. Da wanda ya gabace shi ne, da tuni ya harba bindiga sama ya koma ofis. Shi kuwa sai ya juya ya daɗe yana kallon ɓarnar da suka yi. Kunya ta rufe shi, kowa ya gani.

Ya ce, "Baba, gaskiya ka faɗa. Wanda sawu ya mutu a hannunsa, me yake yi?"

"Ya nemo shi, ko ya biya."

"Albashina ba zai sayi wutsiya ba, sai dai in nemo. Ba ni sandar."

Baba Getari ya miƙa masa. Afande ya roƙi a ba shi zuwa ranar kasuwa, kada kowa ya taɓa kowa. Sannan ya ce shi bai san kofaton sa da na jaki ba, a garinsu kifi suke kamawa, saboda haka yana son mutum biyu su raka shi, mai shanun da wannan mai bakin. Ya nuna Magige da Rioba. Ya sallami motar, ya ce ta koma tun ba ta ƙara jawo masa wani bashin ba.

Ranar nan suka wuni suna zagaya duwatsu ba su ga komai ba. Na kai musu kunun tamba da rana na tarar da su zaune, kowa ya ba wa kowa baya. Afande ya cire takalmi, ƙafafunsa duk sun yi bororo. Ya sha kunun ya ce, "Mama, ke kika kira ni, ko? Ki yafe mini. Sauri aka koya mana, ba a koya mana kallon ƙasa ba." Ban san lokacin da na ce masa babu komai ba, alhali da komai.

A gari kuwa kowa ya samu abin yi da ni. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Maman Ghati, an ce gobe jirgin sama za ki kira mana." Na ce mata in ya zo a kan rufinta zai sauka. Amma da na shiga ɗaki sai da na yi kuka. Samari suna ta wasa kibau a fili, suna cewa ranar kasuwa za su yi ciniki a Kitembere. Weisiko ya ƙi cin abinci, yana ta tambayata ko da gaske za su je. Na ɗauka tausayin kawunsa ne.

Washegari da la'asar ina tsinkar ganyen wake a bayan gida sai ga Rioba shi kaɗai, ya biyo ta gonar ayaba don kada a gan shi. Rioba da bakinsa ba ya rufuwa, ranar nan ya tsaya kamar an ɗinke shi.

"Yaya, lafiya? Kun samu?"

"Na samu. Su ba su gani ba, na taka shi da ƙafata."

"Ka taka? Kana hauka ne? Garinku za a ƙona!"

"Nyangi, shanun ba su haye ba. Cikin ruwa aka bi da su aka yi sama, aka fito ta gefenku, wajen kwarin da ake haƙar yashi. Mutum biyu ne. Ɗaya yana jan ƙafar hagu, yatsunsa suna kallon waje." Ya dube ni. "Ni na goya shi zuwa wurin mai ɗori, na san ƙafar."

Ganyen ya zube daga hannuna. Nan take komai ya faɗo mini, har da dalilin da ya sa ya ce in kira mota. Ya san hanya ɗaya ce. Ya ɗauka in sawu ya ɓace magana ta mutu, ubansa ya yi faɗa ya gaji. Bai yi tunanin kibiya ba, don yaran yanzu ba su ga abin da muka gani ba. Haushinsa ya cika ni, da yana kusa da na fasa masa baki. A lokaci guda kuma ji nake kamar in mayar da shi ciki in ɓoye.

Rioba ya ce, "In na yi magana, kin san abin da za su yi masa a tsakar gari. In na yi shiru, jibi suna ƙofata. Ina da jikoki a gidan nan. Ki gaya mini yadda zan yi, ƙanwata, ni kaina ya ƙulle."

Na saɓa mayafi na nufi ofishin 'yan sanda, wurin da na sha rantsuwa ko gawata ba za ta shiga ba. Na samu Ndunguru a baranda ya tsoma ƙafafu cikin ruwan gishiri. Na durƙusa, ya ce in tashi, na ƙi.

"Afande, in na ba ka ɓarawo, za ka iya riƙe shi da rai?"

Ya dube ni da kyau. "Naki ne?"

"Nawa ne."

Bai ce mini kada in damu ba, kuma na gode masa da bai faɗa ba. Ya ce mutum huɗu gare shi, garin kuma ɗaruruwa ne. Zai iya sa a fizge yaron a mota a gudu da shi birni, amma daga ranar babu mai sake yarda da shi, za a ce 'yan sanda sun saba sayar da ɓarayi, kuma ba za a fasa zuwa Kitembere ba tun da ba a ga ƙarshen sawu ba. Ya ce, "Da hannu aka ba ni sandar nan a gaban jama'a, Mama. A gabansu zan mayar. Abin da zan iya yi miki alkawari shi ne, duk sandar da za ta same shi sai ta fara samuna."

Da sassafe ya zo gidanmu a ƙafa, shi da Rioba. Weisiko yana ganinsa ya fashe da kuka, ko musu bai yi ba. Abokin nasa ya riga ya tsere. Shanun suna kwarin yashi, wanda suka shirya sayar wa ya ji labarin kibau ya ƙi zuwa. Magige yana tsaye da mashinsa a hannu, sai ya zauna a kan turmi. Afande ya fito da ankwa, ya sa ɗaya a hannun Weisiko, ɗayar a nasa hannun, ya ba Rioba makullin ya ce ya jefa a aljihu.

Aka koro shanun zuwa tsakar gari. Kafin su iso labari ya riga su, fili ya cika, har mutanen Kitembere sun hayo. Na ga sanduna, na ga duwatsu a hannun yaran da na yi wa wanka suna jarirai. Ana ta ihu a sake shi. Wani dutse ya zo ya sami Afande a goshi, jini ya gangaro masa har kwala. Bai goge ba, bai taɓa bindigarsa ba. Ya ja ɗana har gaban Baba Getari.

"Baba, ga sawunka. Daga garken Magige ya fita, cikin ruwa ya bi, bai taka Kitembere ba. Ga shanu, ga wanda ya kora su." Ya ajiye sandar a ƙafafun tsohon. "Na biya?"

"Ka biya."

"To ni ma ina da roƙo. Na bi taku har ƙarshe, ƙafafuna shaida ne. Ku bar ni in bi tawa. Kotu za ta hukunta shi, ranar shari'a ni zan zo in gaya muku, ku je ku ji da kunnenku."

Wani ya ce, "Ƙarya ne! Gobe za mu gan shi a kasuwa yana shan rake!"

Afande ya ce, "In kun gan shi, kun san inda nake kwana. Ƙofar ma ba ta da sakata."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ƙara matsowa. Baba Getari ya ɗaga hannu ya juya wajen Rioba, ya ce Kitembere aka ɗora wa sharri, su ke da bakin magana. Rioba ya ce, "Mu ba mu rasa ko akuya ba. Jinin ɗan ƙanwata ba zai wanke mini komai ba." Tsohon ya juya ga Magige, mai shanu. Duk fili aka zuba masa ido. Mijina mutum ne mai zuciya, shi ya fi kowa rantsuwa a kan ɓarawon nan, kuma na san abin da kunya take sa namiji ya yi.

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ku bar Afande ya tafi da shi."

Baba Getari ya daɗe yana murza gemu. Sannan ya ce, "Aro muka ba ka, Afande. Ba mu taɓa ba wani ba." Ya matsa gefe. Na bayansa suka matsa, a hankali, ba da son ransu ba, har hanya ta buɗe. Suka ratsa ta tsakiya, ɗan sanda yana ɗingishi, fursunansa yana ɗingishi, Rioba yana biye da makulli. Ina ji wata tana cewa, "Ashe dai suna kama ɓarawo." Wata ta ce, "Wannan dai."

Na koma gida na tuƙa tuwon rogo, na yi miyar wake. Magige yana zaune a bakin garke ya ba ni baya, shanunsa shida sun dawo suna tuƙa abinsu, ko kallonsu ba ya yi. Na ɗaure kwanon a ƙyalle na ɗora a ka zan kai wa Weisiko ofishin 'yan sanda. Har na kai ƙofa na ji muryarsa, a dishe.

"Maman Ghati."

"Na'am."

"Siminti ne a ɗakin nan nasu. Ki ɗauki bargona ki kai masa, ƙafar za ta dame shi."